Tamostat a Babur ɗin Filin Tsere: A Bar Shi ko A Cire?

Duk wanda ya taɓa kai mota wurin bakanike a Kano ko Kaduna saboda tana ɗaukar zafi, da wuya bai ji an ba shi shawarar a cire tamostat a jefar ba, bisa hujjar cewa saboda ƙasashen sanyi aka yi shi. Irin wannan muhawara tana nan da ranta a rumfunan gyara na filayen tseren babura a Turai da Amurka da Asiya, sai dai a can hujjojin sun fi ƙarfi, domin akwai ƙwararrun masu haɗa inji da suke cire shi da saninsu, akwai kuma waɗanda ba su yarda a taɓa shi ba. Baburan da ake magana a kansu su ne masu sanyaya inji da ruwa, irin su Honda CBR600RR da Yamaha R6 da Suzuki GSX-R da Kawasaki ZX-6R, waɗanda ake cire musu fitilu da madubai a mayar da su na zagaya fili kawai. Boxer da Jincheng da muke hawa kullum iska ce ke sanyaya su, don haka ba su da lagireto balle tamostat.

Kafin a ɗauki sifana, wajibi ne a fahimci aikin da wannan ɗan ƙarfe yake yi, domin mafi yawan kuskuren da ake tafkawa daga rashin fahimtarsa yake tasowa. Tamostat bawul ne da aka girke a hanyar da ruwa ke bi daga kan inji zuwa lagireto. A cikinsa akwai wani ɗan kwanso cike da kaki mai kama da na kyandir, wanda idan ya ji zafi yakan narke ya kumbura, ya tura wani siririn ƙarfe da ke danne sifirin, sai bawul ɗin ya buɗe. Idan ruwan ya huce, kakin ya tsuke, sifirin ya mayar da bawul ɗin ya rufe. Ba ya buɗewa gaba ɗaya a lokaci guda. A hankali yake ɗagawa gwargwadon zafin ruwan, kuma kowane kamfani da inda ya zaɓa ya fara. A littafin gyaran Honda CBR600RR, bawul ɗin yana fara buɗewa tsakanin digiri 80 da 84 a ma'aunin Salshiyas, ya gama buɗewa a digiri 95, inda ya kamata ya ɗaga aƙalla milimita 8. Na Suzuki GSX-R600 yana farawa a wajen digiri 82. Kawasaki kuwa a kan ZX-6R ta zaɓi wanda ke farawa tun tsakanin digiri 58 da 62, ya gama a digiri 75. Wannan tazara ta digiri ashirin da wani abu tsakanin babura masu girman inji ɗaya ta isa ta nuna cewa shawarar da ta dace da wani babur tana iya zama marar amfani a kan wani.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne wannan: tamostat yana hana ruwa yin sanyi fiye da kima ne, amma ba shi da ikon hana shi yin zafi. Da zarar ya buɗe iya buɗewarsa, aikinsa ya ƙare, sauran ya rage ga faɗin lagireto, da yawan iskar da ke ratsa shi, da ƙarfin famfon ruwa. Saboda haka babur ɗin da ke nuna digiri 105 a tsakiyar zagaye na shida, tamostat ɗinsa ya daɗe da buɗewa, kuma cire shi ba zai yi wani abin kirki ba illa ya jinkirta isowar zafin da 'yan mintoci, tunda injin zai fara ne daga ƙasa. Wanda ya cire shi don maganin irin wannan zafi, ya bar ainihin cutar tana nan, ya kuma janyo wata sabuwa da safe lokacin da gari ke da sanyi. Ana maganin ƙaba, kai yana kumbura.

Lissafin da ke bayan wannan ba shi da wahala. Zafin da lagireto ke zubarwa yana tafiya ne da tazarar da ke tsakanin zafin ruwan da zafin iskar waje. Idan ruwa yana digiri 80 kuma iska tana digiri 40, kamar yadda take kaiwa da rana a ƙasashe masu zafi, tazarar digiri 40 ce. Idan ruwan yana nan a 80 amma iska tana digiri 10, kamar safiyar da aka saba gani a Silverstone ko Donington Park a Ingila, ko kuwa ranar da iskar teku ta taso a Phillip Island ta Ostareliya, tazarar ta koma 70, wato lagireto ɗaya yana zubar da zafi kusan ninki biyu ba kaɗan. Kamfanoni suna auna girman lagireto ne da ranar da ta fi zafi, don haka a duk sauran ranaku ya fi ƙarfin bukata, kuma tamostat ne ke rage masa hannu. Idan babu shi, zafin injin zai riƙa bin yanayin gari da saurin babur: ya sauka a miƙaƙƙiyar hanya inda iska ke dukan lagireto da gudun kilomita 200 a awa, ya hau a jerin kwanoni inda gudu ya ragu.

Illar gudu da inji mai sanyi

Mutane sun fi tsoron zafi saboda ɓarnarsa a bayyane take, ga tururi ga ƙonewar gaskit, amma sanyi ma yana cin inji, a ɓoye kuma a hankali. Na farko, fistin da silinda da sauran sassan ciki an auna ratar da ke tsakaninsu ne bisa yadda za su kasance bayan sun ɗauki zafi sun buɗe. Fistin yana fuskantar wuta kai tsaye, don haka yana saurin kumbura, alhali bangon silinda da ruwan sanyi ke kewaye da shi yana nan a tsuke. Idan aka murɗa totur har ƙarshe a wannan hali, ratar tana raguwa fiye da yadda aka tsara, gogayya ta ƙaru. Na biyu, man inji yana jinkirin ɗaukar zafi fiye da ruwa, kuma da yawa daga cikin waɗannan babura suna da wata 'yar na'ura a gindin filtar mai inda ruwa da mai ke musayar zafi, ta yadda ruwan ke taimaka wa man ya yi ɗumi da wuri, daga baya kuma ya sanyaya shi. Ruwan da ya tsaya a digiri 55 yana riƙe man a ƙasa, ya bar shi da kauri, ya kuma hana danshin da ke taruwa a cikinsa ƙonewa. Wannan ne dalilin da ya sa wani lokaci ake ganin farin kumfa kamar madara a murfin mai ko a gilashin duba mai, ba tare da gaskit ya ƙone ba.

Na uku ya shafi baburan zamani masu fesa fetur da kwamfuta. Kwamfutar inji, wadda makanikai ke kira birenbos, tana karanta zafin ruwa ta wata sensa, kuma idan ta ga ruwan bai kai wani mataki ba sai ta ɗauka injin yana kan ɗumama ne, ta ƙara masa fetur kamar yadda ake jan cok a tsohon babur. Idan babur ya yini a wannan mataki, yana shan fetur fiye da kima, amsar totur ɗinsa tana dusashewa, fetur ɗin da bai ƙone ba kuma yana wanke man da ke jikin silinda ya gangara ya tsinka na ƙasa. Wanda ya biya kuɗi aka daidaita masa fetur a kan na'urar gwaji alhali ruwa yana digiri 80, sannan ya fita fili da ruwa a digiri 58, ba da saitin da ya saya yake gudu ba.

Duk da haka, masu cirewa ba su rasa hujja ba, kuma bai kamata a yi musu kallon marasa sani ba. Suna cewa duk abin da ke motsi yana iya lalacewa, kuma tamostat ɗin da ya maƙale a rufe zai tafasa inji kafin a kammala zagaye biyu ko uku, abin da ke nufin asarar tsere da watakila asarar inji gaba ɗaya. Suna kuma cewa ko a buɗe yake, jikinsa yana tare wani ɓangare na hanyar ruwa, kuma a inji mai juyi sama da 13,000 a minti, wanda aka ƙara wa ƙarfi fiye da yadda ya fito daga kamfani, kowane ɗan ƙarin gudun ruwa yana da amfani. Hujjarsu ta uku ita ce mafi ƙarfi a ganina: inji yakan ba da ƙarfi mafi kyau idan ruwansa yana ƙasa kaɗan da inda aka tsara wa babur ɗin titi, domin iskar da yake shaƙa ba ta ɗumama sosai, kuma fetur ba ya saurin fashewa kafin lokacinsa. Masu haɗa injin tsere da yawa suna neman ruwa ya zauna a tsakanin digiri 75 da 85, abin da tamostat mai fara buɗewa a 82 ba zai bari a samu cikin sauƙi ba. Abin da ake mantawa shi ne, ƙungiyar da ta cire tamostat ba ta bar zafin injin a hannun yanayi ba. Tana da bakanike da ke tsaye da tef a hannu, yana duba zafin iska kafin kowace fita, yana rufe wani ɓangare na lagireto ko buɗe shi. Ko a gasar MotoGP, babbar gasar tseren babura ta duniya, ana ganin tef a jikin lagireto a ranakun sanyi. Wato aikin tamostat ba a daina yin sa ba, mutum ne ya karɓe shi.

Akwai wata magana da ake yawan maimaitawa, cewa idan aka cire tamostat ruwa zai riƙa gudu da sauri har ya rasa lokacin hucewa a lagireto. Wannan ba daidai ba ne. Ruwan da ya wuce lagireto da sauri bai huce sosai a wannan wucewar ba, gaskiya ne, amma shi ma bai daɗe a inji ba balle ya ɗauki zafi mai yawa, kuma yana zagayowa sau da yawa a cikin minti. A jimlace, yawan gudun ruwa yana ƙara zubar da zafi ne. To me ya sa wasu babura ke ƙara zafi bayan an cire? Dalili biyu ne. Na farko, a wasu injuna akwai ɓarauniyar hanya da ruwa ke bi ya koma famfo kai tsaye ba tare da ya ratsa lagireto ba, domin ya riƙa zagayawa a cikin inji lokacin ɗumama, kuma a wasu tsare-tsaren tamostat ɗin ne da kansa ke toshe wannan hanya idan ya buɗe. Da an cire shi, hanyar ta zauna a buɗe har abada, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa kauce wa lagireto. Na biyu, 'yar tarewar da tamostat ke yi tana ƙara matsi a cikin kan inji, matsin kuma yana hana ruwa tafasa a lungunan da suka fi zafi, musamman kewayen bawul ɗin hayaƙi. Idan matsin ya ragu, ƙananan kumfa na tururi suna iya tasowa a wuraren, kuma tururi ba ya ɗaukar zafi kamar ruwa.

Yadda za a yanke shawara

Kada ka cire komai tukuna. Fara da ranar fili guda da tamostat a wurinsa, ka riƙe littafi da biro, kuma a kowace fita ka rubuta abu huɗu: zafin iskar gari, zafin ruwa lokacin da ka fita, mafi girman lambar da ka gani a tsakiyar gudu, da lambar da ke kan allo lokacin da ka shigo. Idan babur ɗin yana da na'urar adana bayanai, abin ya zo da sauƙi. Idan babu, ka zaɓi wuri guda a fili, misali ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya, ka riƙa duba allo a nan kowane zagaye, ba a cikin kwana ba. Wannan rubutu shi zai gaya maka wane rukuni babur ɗinka yake.

Idan lambar tana tsayawa kusa da inda tamostat ke fara buɗewa, ko 'yan digiri sama da haka, ma'anarsa lagireto yana da sauran ƙarfi, kuma tamostat ne ke riƙe da zafin. A wannan hali ka bar shi. Idan ka cire, zafin zai faɗi ƙasa da inda ake so, ka koma neman tef. Mafi yawan masu zuwa fili don horo ko nishaɗi, waɗanda ke fita na minti ashirin su dawo su jira awa guda, su kaɗai ba bakanike, a wannan rukuni suke, kuma ban ga abin da za su ƙaru da shi ba idan sun cire, illa ƙarin aiki a ranar da hankalinsu ya kamata ya kasance a kan taya da birki.

Idan kuwa lambar tana wuce inda tamostat ya gama buɗewa tana ci gaba da hawa zagaye bayan zagaye, to matsalar tana wani wuri, kuma sai a bi ta daki-daki. A duba fuskar lagireto, domin burbushin robar taya da tsakuwa da ƙwari suna toshe ƙananan fikafikansa, abin da tayar gaba ke watsowa kuma yana lanƙwasa su. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, a miƙe waɗanda suka lanƙwashe da siririn sukudireba a hankali. A duba ko rigar tsere da aka sa wa babur ɗin tana barin iska ta zille ta gefe maimakon ta ratsa lagireto, domin iska ita ma hanya mai sauƙi take bi, kuma toshe waɗannan gefuna da soso yakan yi abin da cire tamostat ba zai yi ba. A gwada murfin lagireto: mafi yawansu suna riƙe matsin kusan bar 1.1, wanda ke ɗaga tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa kusan 121, kuma murfin da sifirinsa ya mutu yana zubar da ruwa tun kafin lokaci. A duba fetur, domin injin da ba ya samun isasshe yana ƙara zafi. Sai an gama da waɗannan duka sannan a yi tunanin lagireto mafi girma. Wanda zai yi gudu a wuri mai tudu kamar Kyalami a Afirka ta Kudu, wanda ke kusan mita 1,500 sama da teku, ya tuna cewa iskar can ba ta da kauri, don haka ba ta kwasar zafi kamar ta bakin teku. A Sepang ta Malesiya kuwa zafin iskar ne da kansa ke rage tazarar da muka lissafa a sama.

A kowane hali, ka gwada tamostat ɗin da kansa, domin gwajin ba ya bukatar komai sai tukunya da ma'aunin zafi. Ka ɗaure shi da waya ka rataya a cikin ruwa, kada shi ko ma'aunin su taɓa gindin tukunyar, saboda gindin ya fi ruwan zafi kuma zai ba ka lambar ƙarya. Ka ɗora a wuta marar ƙarfi kana juya ruwan, ka lura da digirin da bawul ya fara ɗagawa, sannan ka bar shi wasu mintoci a digirin da littafi ya ce ya gama buɗewa, ka auna tsawon ɗagawar. Wanda ka tarar a buɗe tun yana sanyi, ko ya makara wajen buɗewa, ko ɗagawarsa ba ta kai ba, ya gama aiki. Kuɗin sabo bai kai na taya ɗaya ba, kuma canza shi a farkon kowace kakar tsere yana kashe mafi yawan tsoron maƙalewa da masu cirewa ke kafa hujja da shi. Wajen mayarwa, akwai wani ɗan rami na fitar da iska a jikin faifansa, wanda dole ya kasance a sama.

Tsakanin bari da cirewa akwai hanyoyi biyu da suka cancanci a sani. Ɗaya ita ce sa tamostat mai buɗewa da wuri, idan ana samun wanda ya dace da gidansa, ta yadda zafin zai zauna a ƙasa kaɗan amma ba zai faɗi warwas ba. Wannan ita ce hanyar da na fi karkata gare ta ga wanda ya fara shiga gasa da gaske. Ɗayar ita ce a cire cikinsa, wato kwanson kaki da sifirin, a bar faifan waje kawai. Wannan yana barin 'yar tarewar da ke riƙe matsi a kan inji, kuma yana magance wata matsala da kan ba mutane mamaki: a babura da yawa robar da ke hana yoyo a jikin faifan tamostat take zaune, don haka idan aka cire shi ɗungurungum gidan ba zai toshe ba. Sai dai a sani cewa faifai marar ciki ba ya daidaita zafi ko kaɗan, don haka duk abin da za a faɗa game da tef ya hau kansa.

Idan an cire

Wanda ya yanke shawarar cirewa, abu na farko shi ne ya buɗe littafin gyara ya bi zanen hanyar ruwa har ya gano ɓarauniyar hanyar nan, ya tabbatar ko tana bukatar toshewa ko ragewa. Ya kuma gano inda sensar zafi take, kada ya zama canjin da ya yi ya bar ta a lungun da ruwa ba ya gudana.

Daga nan ɗumama inji ya zama aikin da ba a yi masa gaggawa. Ana tayar da shi a kan jak tun da sauran lokaci, ana ɗan taɓa totur a hankali har ruwa ya haura digiri 60 zuwa 70, sannan a kashe a bar zafin ya ratsa ƙarfe da mai na wasu mintoci, a sake tayarwa dab da fita. Dalilin kashewar shi ne ruwa yana iya nuna digiri 70 alhali mai yana can ƙasa, kuma allon babur na ruwa kawai yake nunawa. Zagaye na farko, wanda dama ake yi don taya ta kama, shi ma na mai ne.

Tef ɗin da ake amfani da shi mai faɗi ne mai ƙarfi, irin mai zare a ciki. Ana goge fuskar lagireto ta bushe, a manna shi a kwance daga gefe zuwa gefe, a lanƙwasa bakinsa ta baya don kada iska ta ɓalle shi ya faɗa kan hanya. Ka riƙa farawa daga wuri guda kullum, kuma ka ƙara ko ka rage layi ɗaya kacal a kowace fita, domin ta haka ne kawai za ka san digiri nawa layi ɗaya ke kawowa a babur ɗinka. Lambar wani ba za ta yi maka aiki ba. Cikin 'yan ranaku littafinka zai zama jadawali: iska digiri kaza, layi kaza. Haɗarin da ke cikin wannan tsari shi ne mantuwa, wato tef ɗin da aka manna da ƙarfe tara na safe ya kai har fitar ƙarfe biyu na rana. Haka kuma, tunda baburan tsere da yawa an cire musu fanka, jira a layin farawa ko tsayawa saboda jar tuta yana sa zafi ya hau da sauri, musamman idan rabin lagireto a rufe yake, don haka idan jiran ya yi tsawo a kashe inji. Idan za a yi kuskure, gara a fita da ƙarancin tef.

Injuna masu bugu biyu, wato irin waɗanda ke ƙona mai tare da fetur, kamar Honda RS125 da Yamaha TZ250 na tsere, lissafinsu daban ne. Su sun fi ba da ƙarfi a ƙasa sosai, wajen digiri 55, kuma su ne suka fi saurin kama fistin idan aka matsa musu da sanyi, shi ya sa masu su suka fi kowa iya aikin tef. Kada mai CBR ko GSX-R ya ari lambarsu.

Saura maganar abin da ake zubawa a ciki, wadda ta shafi kowa, da mai tamostat da marar shi. Ruwan kala da ake sayarwa a galan, mai sinadarin gilaikol, yana da santsi kamar mai idan ya zube a kwalta, kuma yana da wuyar gogewa, shi ya sa hukumomin tsere da yawa suka hana shi, wasu kuma, kamar masu shirya gasar Superbike ta duniya, ba su yarda da komai ba sai ruwa. Wasu filayen suna barin a ƙara sinadarai marasa gilaikol irin su Water Wetter ko Motul MoCool, waɗanda ke hana tsatsa, don haka a karanta dokar filin kafin a je. Ruwa zalla ya ma fi ruwan gilaikol ɗaukar zafi, kuma sau da yawa wannan canji kaɗai yana sauke digirin da ake neman saukewa da cire tamostat. Sai dai ya zama tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ba, ba kuma ruwan rijiya ko na famfo mai barin farar ƙasa a cikin lagireto ba.

Ana yin canjin ne da inji a sanyaye, domin buɗe murfin lagireto mai zafi yana watsa tafasasshen ruwa a fuska. A kwance noti na zubarwa da ke jikin famfon ruwa, a zubar, a cika da tataccen ruwa, a tayar da inji har ya yi zafi, a bari ya huce, a sake zubarwa, haka har sai abin da ke fitowa ba shi da kala ko santsi a yatsa. Tankin rara ma a ciro shi a wanke. A cikawar ƙarshe a zuba a hankali, a riƙa matsa tiyo da hannu, a karkata babur dama da hagu don iska ta fito, a buɗe notin fitar da iska idan akwai. Iskar da ta maƙale a kan inji tana da haɗari biyu, domin wurin da take ba ya hucewa, kuma idan ta kewaye sensa sai allo ya nuna lamba ƙasa da gaskiya. Saboda wannan dalili, idan kana gudu ka ga zafi ya hau sannan ya faɗi kwatsam ba tare da ka rage gudu ba, ka fita daga layin tsere ka tsaya, domin alama ce ruwan ya zube kuma mai yiwuwa yana kan tayarka ta baya. Bayan an cika, a bar injin ya yi zafi ya huce gaba ɗaya sau ɗaya, a sake duba matakin ruwa, a ɗaure ƙulle-ƙullen tiyo. Wanda ke zaune a ƙasar da ruwa ke daskarewa kuma, ya zubar da ruwan ko ya mayar da mai gilaikol kafin ya ajiye babur ɗin don hunturu, domin ruwa zalla yana daskarewa a digiri 0, kuma idan ya daskare yana kumbura ya tsaga lagireto ko kan inji.